Yadda simintin jiyofolima yake kamawa, da dalilin da ya sa ban-ruwa yake kashe shi

Wani bawan Allah mai sana'ar buga bulo a Argungu ya aiko mini da tambaya, ga kuma taƙaitaccen abin da ya ce. Ya ji labarin wani siminti da ake kira jiyofolima, wanda ake haɗawa da toka da soda ba tare da an zuba simintin buhu ko cokali ɗaya ba. Da yake tsadar siminti ta ishe shi, ga kuma ɓuntun shinkafa tsibi-tsibi a bayan injinan gari, sai ya ƙona ɓuntu, ya kwaɓa tokar da yashi da ruwan sodar da mata suke yin sabulu da ita, ya buga bulo goma, ya riƙa yi musu ban-ruwa safe da yamma kamar yadda ya saba. Bayan mako guda bulon suka yi fari fat kamar an barbaɗa musu kanwa, da ya ɗaga ɗaya kuma sai ya marmashe a hannunsa. Yana so ya san yadda wannan siminti yake kamawa har ya yi ƙarfi, da inda ya kuskure, da kuma ko gaskiya ne ya fi simintin buhu sauƙi ga muhalli.

Malam, ina yi maka fatan alheri, kuma na ji daɗin gwajin da ka yi ƙwarai, domin bulo goman nan da suka lalace sun nuna maka abubuwa biyu da suka fi komai muhimmanci a wannan fanni. Na farko, tokar ɓuntu ita kaɗai ba ta isa ba. Na biyu, ruwan da yake raya simintin buhu a kwanakinsa na farko shi ne yake kashe wannan a nasa kwanakin na farko. Don ka ga dalili, sai mun fara da simintin da hannunka ya saba da shi.

Simintin buhu, wanda masana suke kira simintin Fotlan tun bayan da Joseph Aspdin ya yi masa rajista a Ingila a 1824, ana yin sa ne ta hanyar gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a cikin tanderu mai zafin kusan digiri 1450, kamar yadda ake yi a masana'antar Kalambaina da ke Sakkwato. Idan magini ya ce siminti ya bushe, abin da ya faru a zahiri shi ne simintin ya sha ruwa ya riƙe shi. Ruwan yana shiga cikin ƙwayoyin garin ya haɗu da sinadaran kalsiyam da silika, su haifar da wani abu mai danƙo da yake girma a tsakanin ƙwayoyin har ya cike gurabe ya ɗaure yashi da tsakuwa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin simintin ruwa ne yake komawa jikinsa ya zauna har abada, wato buhu mai kilo 50 yana haɗiye abin da ya kai lita 12. Ban-ruwan da kake yi abinci kake ba shi, shi ya sa ake jiran kwana 28 kafin a auna cikakken ƙarfinsa.

Jiyofolima wata hanya yake bi daban, kuma tun da a Argungu kake, bari in yi maka misali da taru. Ka ɗauka kana da tsohon taru da ya cukurkuɗe, kana so ka mayar da shi sabo mai kewaye duwatsu ya riƙe su gam. Dole ka fara warware shi zare-zare, sannan ka sake ƙulla zaren ƙulli bayan ƙulli. Garin da ake yin jiyofolima da shi, ko gasasshen yumɓu ne ko toka, tsohon taru ne na sinadarai biyu, silika da alumina, wato silikon da alminiyam, kowanne haɗe da iskar oksijin. Aikin ruwan soda shi ne warwara. Soda mai ƙarfi tana cin saman kowace ƙwayar gari, tana tsinka haɗin da ke tsakanin silikon da iskar oksijin da alminiyam, sai ƙananan gutsattsari su saki jiki su shiga cikin ruwan. A wannan lokaci kwaɓin yana nan da laushinsa, ana iya juya shi a zuba a ma'aunin bulo, kuma duk wanda ya taɓa shi da safar hannu zai ji yana da yauƙi da danƙo fiye da kwaɓin siminti.

Idan gutsattsarin suka yi yawa a cikin ruwan har ya kasa ɗaukarsu, sai su fara kama juna. Kowane silikon yana da hannu huɗu, haka ma kowane alminiyam, kuma ta waɗannan hannaye suke ƙulluwa, biyu su zama huɗu, huɗu su zama zobe, zobba su zama sarƙa, har sarƙoƙin su haɗe daga wannan gefen kwaɓin zuwa wancan. Wannan lokaci shi ne kamawa. Ya yi kama da yadda madara take yin barci ta zama kindirmo: ba ta bushe ba, ruwanta yana nan a ciki, amma cokali ya daina gudu a cikinta. Abin da ya kamata ka riƙe a nan shi ne duk lokacin da hannu biyu suka ƙullu, ƙwayar ruwa guda take fita daga tsakaninsu. Ruwan da ya taimaka wajen warwara, ƙulli yana mayar da shi waje, ya taru a cikin ƙananan ramuka na jikin bulon. Simintin buhu yana haɗiye ruwa ne yayin da yake ƙarfi, shi kuwa jiyofolima aron ruwa yake yi ya yi aiki da shi, sannan ya sake shi.

Bayan kamawa aikin bai ƙare ba. Ƙullin farko yawanci alminiyam ya fi yawa a cikinsa, saboda ya fi silikon saurin narkewa, kuma irin wannan ƙulli ba shi da ƙwari sosai. Cikin awoyi da kwanakin da suka biyo baya, silikon yana ci gaba da narkewa yana shiga cikin tarun, ƙulle-ƙullen suna sake tsari suna matsewa, kuma a nan ne ƙarfin gaske yake zuwa. Duk wannan yana bukatar ruwan da ke cikin ramukan ya zauna a wurin da kaifin sodarsa, domin ta cikinsa gutsattsarin suke tafiya su sami abokan ƙulli.

Yanzu ga amsar kuskurenka na farko. Tokar ɓuntun shinkafa kusan dukkanta silika ce, sau da yawa kashi 85 zuwa 95 cikin ɗari, alumina kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai a cikinta. Idan ka haɗa silika da soda kawai, abin da za ka samu shi ne silikat, wannan ruwa mai kauri kamar zuma da masu yin sabulu suke saya a jarka. Silikat yana ƙanƙamewa idan ya bushe, har mutum ya ɗauka ya sami siminti, amma da zarar ruwa ya taɓa shi sai ya sake narkewa. Alminiyam ne yake hana wannan. Idan ya shiga cikin tarun da hannayensa huɗu, yana zama da gibin cajin lantarki guda, sai ya jawo ƙwayar sodiyam ɗaya daga cikin sodar ta zauna kusa da shi ta cike gibin. Da haka sodar da take yawo a ruwa take samun wurin zama a cikin ginin, tarun kuma ya zama abin da ruwa ba ya narkarwa. Masu bincike sun ga cewa ƙarfi ya fi kyau idan silikon ya kai kusan ninki biyu na alminiyam, sodiyam kuma ya yi daidai da alminiyam, ɗaya bisa ɗaya. A bulonka babu alminiyam da zai riƙe sodar, don haka ta bi ruwa ta fito sama, ta haɗu da iskar kabon da ke cikin iska ta zama farin gari. Da ka ce kamar an barbaɗa kanwa, ba ka yi kuskure ba ko kaɗan, domin wannan farin gari da kanwa sinadarinsu ɗaya ne.

To, ina za a sami alumina a ƙasarmu? A Ostireliya da Indiya da Sin suna amfani da tokar da take fita daga tashoshin lantarki masu ƙona kwal, da kuma dattin da yake tasowa a saman narkakken ƙarfe a manyan masana'antun ƙarfe. Mu lantarkinmu daga gas yake da madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro, saboda haka wanda ya karanta rubuce-rubucen waɗancan ƙasashe ya ce zai kwaikwaya a Kebbi zai yi ta neman tokar da babu ita a kusa da shi. Abin da Allah ya ba mu shi ne farin yumɓu da ake kira kawolin, irin wanda ake haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina da Alkaleri ta jihar Bauchi. A cikinsa silikon da alminiyam kai ɗaya suke, ɗaya bisa ɗaya. Ɗanyensa soda ba ta iya cinsa sosai, domin ƙwayoyinsa a jere suke tsaf kamar shafukan littafi. Sai an gasa shi a zafin digiri 650 zuwa 800 na wasu awoyi, ruwan da ke ɗaure a jikinsa ya fita, ya rasa kusan kashi 14 cikin ɗari na nauyinsa, jerin ya wargaje, sannan ya zama abin da ake kira metakawolin, wanda soda take warwarewa cikin sauƙi. Idan wuta ta zarce ta doshi digiri 1000, sai ya sake ɗaurewa ya zama kamar fasasshen tangaran, aikin ya ɓaci. Jar ƙasar marmara ma tana ɗauke da irin wannan yumɓu gauraye da ƙarfe, kuma masu bincike a Kamaru sun daɗe suna gasa ta suna yin jiyofolima da ita.

Ka ga ke nan inda ɓuntunka yake da daraja. Yumɓun ya zo da silikon ɗaya a kan kowane alminiyam ɗaya, ana kuma neman biyu, sai tokar ɓuntu ta cike ragowar. Hanyar da ta fi kyau ita ce a narkar da tokar a cikin ruwan soda tun kafin ranar aiki, ana ɗumama shi ana juyawa na wasu awoyi har ya yi kauri, domin silikar da ta riga ta narke ita take sa ƙulli ya fara da wuri ya kuma yi matsi. Amma ƙonon ɓuntun ma yana da ƙa'ida. Wuta mai sanyi da isasshiyar iska, wadda ba ta wuce digiri 700 ba, ita take ba da toka mai narkewa, fara ko mai launin ruwan toka. Baƙar toka gawayi ne ya rage a cikinta, yana shan ruwa yana raunana bulo. Wadda ta ci wuta fiye da kima kuma silikarta ta koma kamar yashi, ba ta narkewa, ƙurarta kuma tana cutar da huhu.

Kuskure na biyu shi ne ban-ruwa, kuma shi ne ya fi damuna, domin duk magini nagari hannunsa zai kai ga bokiti ba tare da ya yi tunani ba. Idan ka zuba ruwa a kan jiyofolima da bai gama ƙulluwa ba, kana wanke sodar da take aikin warwara, kana kuma tsarma wadda ta rage har kaifinta ya kasa cin garin. Aikin sai ya tsaya a tsakiya. Barin bulon a fili ba rufi shi ma ɓarna ne, musamman da hunturu lokacin da iska take tsotse danshin komai, domin idan ruwan cikin ramukan ya gudu kafin tarun ya yi ƙwari, saman bulon zai tsattsage ya yi gari. Abin da yake so shi ne a nannaɗe shi da leda da zarar an buga shi, a toshe ko'ina, a bar shi da ruwan jikinsa na kwana uku zuwa bakwai, sannan a buɗe shi ya sha iska a hankali a inuwa. Bayan ya gama ƙulluwa ruwan sama ba ya yi masa komai.

Zafi kuwa abokinsa ne, kuma a nan Kebbi ta yi sa'a. Warwara da ƙulli duka suna sauri idan da ɗumi. Masu amfani da tokar kwal sukan gasa kayansu a digiri 60 zuwa 80 na kwana guda, in ba haka ba kwaɓin yana iya wuni ya kwana bai kama ba. Metakawolin ba ya bukatar haka, yana kamawa cikin awoyi a zafin ɗaki, kuma bulon da aka rufe da baƙar leda a ranar bazara ta watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ya sami tanderu kyauta. Ana dai gudun zafi mai tsanani tun kwaɓin yana ɗanye, saboda yana sa ƙullin ya yi gaggawa ya bar manyan ramuka. Akwai kuma abin da yake sauya lissafin gaba ɗaya, wato kalsiyam. Idan aka sa dattin ƙarfe ko ɗan farar ƙasa a cikin haɗin, wani danƙo irin na simintin buhu yana fitowa tare da tarun, kamawa ta yi sauri ƙwarai, wani lokaci kwaɓin ya sandare a cikin baro kafin a kai shi ma'auni. Na ga ɗalibai sun yi asarar kwaɓi guda ta wannan hanya a ɗakin gwaji, cikin mintuna kaɗan shebur ya kasa shiga. Irin wannan haɗi mai kalsiyam da yawa shi ne yake jure danshi daga waje bayan ya kama, har ya amfana da shi.

Yawan ruwan kwaɓi ma yana da tasiri fiye da yadda aka saba. Gasasshen yumɓu yana da ƙishirwa, kwaɓinsa yana da tauri, kuma lebura zai so ya ƙara ruwa don aiki ya yi sauƙi. Kowace moɗa da aka ƙara tana rage kaifin soda, kuma tun da ruwan ba ya shiga jikin ginin, rami yake bari a inda ya zauna. A ɗakunan gwaji ana yawan amfani da gram 320 zuwa 480 na soda a cikin kowace lita ta ruwan haɗi, wanda ya fi ƙarfin abin da hannu zai iya taɓawa nesa ba kusa ba. Kanwa ba za ta maye gurbinta ba, kaifinta bai kai ya warware yumɓu ba.

Ina roƙonka da girman Allah ka ɗauki maganar sodar nan da muhimmanci. Tana cin fata, ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa. Soda ake zubawa a cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kan soda, kuma haɗin yana yin zafi sosai, don haka a yi shi kwana guda kafin aiki ya huce. A yi amfani da robar da take da kauri, kada a kusanci tukunyar alminiyam, domin soda tana cinta tana fitar da iska mai kama wuta. Safar hannu ta roba da tabarau da takalmin ruwa wajibi ne ga kai da yaran aikinka, kuma a ajiye bokitin ruwa mai tsabta a kusa don wanke duk inda ta taɓa. Ruwan soda fari ne kamar ruwan sha, kada a taɓa zuba shi a gorar lemo ko a bar shi inda yaro zai kai hannu.

Game da muhalli, gaskiya ne akwai riba, amma girmanta ya danganta da yadda aka yi haɗin. Masana'antar siminti tana fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam yake saki a duniya, kuma fiye da rabin wannan daga dutsen kansa yake fita, domin kowane kilo 100 na dutsen farar ƙasa tsantsa yana sakin kilo 44 na iskar idan aka gasa shi, ko da wace irin wuta aka yi amfani. Yumɓu idan aka gasa shi tururin ruwa yake saki, zafin da yake bukata kuma kusan rabin na siminti ne. Joseph Davidovits, masanin sinadarai na Faransa da ya raɗa wa abin suna jiyofolima a ƙarshen shekarun 1970, ya yi ta cewa ragin zai iya kai kashi 80 cikin ɗari. Sai dai wani bincike da masana biyu na Ostireliya, Turner da Collins, suka wallafa a 2013 ya lissafa har da wutar da ake ci wajen yin soda da silikat da gasa kankaren, ya sami ragin kashi 9 kacal. Soda da lantarki ake fitar da ita daga gishiri, silikat na kamfani kuma narkar da yashi ake yi da sinadarin kanwa a zafin da ya kusa na tanderun siminti. A ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa ɓuntun Kebbi ya cancanci a yi masa aiki da gaske. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ɓuntun kuma toka ne, kuma duk silikat da aka dafa daga wannan toka ya rage kaso mafi nauyi na hayaƙin da na kuɗin. Sodar ce za ta ci gaba da cin aljihu, tun da galibinta shigo da ita ake yi, don haka ka yi lissafin kuɗin bulo ɗaya da alƙalami kafin ka sa jari.

Abin ya wuce gwajin ɗaki a wasu wurare. Tun shekarun 1950 Viktor Glukhovsky yake haɗa dattin ƙarfe da sinadarai masu kaifi a birnin Kiyef na Yukren, har aka gina gidajen bene da irin wannan kankare a tsohuwar Tarayyar Sobiyat, kuma filin jirgin sama na Wellcamp a Ostireliya, wanda aka buɗe a 2014, ya ci kimanin kubik mita 40,000 na kankaren jiyofolima. An kuma san shi da jure wuta da ruwa mai tsami fiye da simintin buhu. Amma waɗancan ayyuka da sikeli da injiniyoyi da gwajin kowane kwaɓi aka yi su. Yumɓun rami ɗaya ya bambanta da na ramin da ke kusa da shi, tokar yau ta bambanta da ta gobe, saboda haka ban yarda ka zuba ginshiƙi ko rufin kankare ko wani abu mai rodi da mutane za su kwana a ƙarƙashinsa da haɗin gida ba. Ka tsaya a kan bulon katanga, da bulon shimfiɗa a tsakar gida, da bakin kwata.

Idan za ka sake gwadawa, ka nemi farin yumɓu ka gasa shi a tanderun masu tukwane har ya yi ja a cikin wuta ba tare da ya narke ba, ka daka ka tankaɗe shi ya yi laushi kamar garin tuwo. Ka dafa tokar ɓuntu fara a ruwan soda kwana guda kafin aiki, ka auna komai da sikeli ka rubuta a littafi, ka yi haɗi uku ko huɗu masu bambancin yawan toka, kowanne ka sa masa alama. Ka rufe su da leda mako guda. Daga nan ka ɗauki ɗaya daga kowane haɗi ka nutsar da shi a bokitin ruwa kwana biyu: wanda ya fito da ƙwarinsa, ruwan kuma bai yi santsin sabulu sosai ba, tarunsa ya ƙullu. Sauran ka kai su sashen injiniyan gine-gine na wata babbar makarantar fasaha, irin Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, a matse su da injin auna ƙarfi a kwana 7 da kwana 28, tare da bulonka na siminti guda biyu don a kwatanta.